Hawaye Ba Ya Ƙona Mamaci

Lokacin da Yaya ta rasu a Kanya Babba, 'yarta tana da shekara bakwai. Ina koyarwa a Kazaure, kafin in samu mota an riga an kai ta, sai na zauna zaman makoki.

Yabon da ake wa yarinyar ne ya fara damuna. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai an nuna mata ita: ga mai haƙuri, ko ɗigon hawaye babu. Ni kuwa leɓenta nake kallo, ya kumbura saboda cizo. Tuwo ba ya wuce mata, kuma da an ambaci uwarta sai ta ɗaga kai ta ƙura wa rufin kwano ido.

Rana ta huɗu, ina tsefe mata kai a gindin darbejiya, na ce, "Ba kya kewar Umma ne?"

"Ina yi, Anti. Gwaggo ce ta ce hawayena tafasasshen ruwa ne, a kan Umma yake zuba a kabari."

Gwaggon nan yayar mahaifinta ce, ko mazan gidan ba sa yi mata musu. Na san ba mugunta ba ce, mu ma da wannan aka rufe mana baki muna yara. Amma raina ya ɓaci. Na bar tsifar rabi, na je na durƙusa gabanta a tsakiyar mata.

"Gwaggo, ki yi mini afuwa, maganar nan ba ta da tushe. Kururuwa da yaga tufafi aka hana. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa ya rasu."

"Yau kuma 'yar boko ce za ta koya mana makoki?"

"Ban isa ba, Gwaggo. Amma 'yar yayata ce, ba za ta haɗiye wannan ina raye ba."

Wata ta mintsine ni, wata ta ja tsaki. Har yau a gidan nan sunana mara kunya, ni kuma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Da na koma gindin bishiyar, ashe yarinyar ta ji komai. Ta kama gefen mayafina, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Anti, hawayen da na yi ranar farko fa, kafin a gaya mini? Ya ƙone ta?"

Kwana huɗu ke nan tana zaton ita ta ƙona uwarta, kuma ba wanda ta iya tambaya.

Na ce, "Ko ɗigo ɗaya bai taɓa ta ba."

Ta daɗe tana kallona, tana auna ko gaskiya na faɗa. Sannan ta kifa kai a cinyata ta saki kuka, a tsakar gida, kowa yana ji. Na taya ta.