Kafur da Akwatin Kaka

Jiya na shiga kasuwar Treichville, nan Abijan, sayayyar Sallah, na fito da ƙullin kafur a jaka. Matar da ta sayar mini, wata 'yar Jula mai fara'a, ta tambaye ni ko kyankyasai ne suka addabe ni. Na ce mata a'a, kyautar Sallah ce zan kai wa mahaifina. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ɗauka wasa nake. Ni kuwa da warin ya bugi hancina, sai da na roƙi benci na zauna. Warin ɗakin kakata ne a unguwar Bromakoté da ke Adjamé.

A gidan haya muka tashi, irin mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, ɗakuna a jere kowa da yarensa. Akwai Jula, akwai Baule, akwai Mosi, mu kaɗai ne Hausawa. Baba yana da shago a Adjamé, yana sayar da fitilu da kwanuka da ake shigowa da su ta jirgin ruwa. Shi kaɗai Kaka ta haifa. Da mijinta ya rasu a ƙauyensu can ƙasar Katsina, ta fita takaba, sai Baba ya je ya ɗauko ta, wai ta zo ta huta, ta ga jika, bayan Sallah ya mayar da ita. Jikar ni ce, ina zanen goyo a lokacin. Har na yi wayo, na shiga lekol, wato makarantar boko, na fara ɗaura ɗankwali, Kaka tana nan tana hutawa.

Sunanta aka sa mini, saboda haka Baba ba ya faɗin sunana, sai dai ya ce Uwata. Ita kuma ta ce Takwara. A ɗakinta nake kwana. Da yake Baba ɗan fari ne, Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana tsugune a gabanta, sai ta juyo wurina ta ce, "Takwara, gaya wa ubanki kaza." Wata maƙwabciyarmu Baule ta taɓa jan Mama gefe tana tambayar wane mugun laifi ya yi wa tsohuwar. Ba laifi ba ne, kunya ce irin ta mutanen da. Ni dai na zama tarho tsakanin uwa da ɗa, kuma wallahi aikin ya karɓe ni, don in ina kwaɗayin alawa sai in ƙara ta cikin saƙo.

In azumi ya kai goman ƙarshe, Baba yakan bi kowa ya tambaye shi abin da yake so na Sallah. Mama ta ce leshi, ƙannena su ce takalmi da tabarau. Sai a zo kan Kaka. Amsarta ba ta canzawa.

"Takwara, gaya wa ubanki a kai ni gida."

Abin yana ɗaure mini kai. Ni a Adjamé aka haife ni, gida a wurina shi ne inda katifata take. Na taɓa ce mata, "To Kaka, nan ina ne?" Ta dungure mini kai ta ce, "Nan bariki ne, ja'ira. Gida yana can inda ƙanwata take." Baba kuwa sai ya yi murmushi ya ce in sha Allahu bayan Sallah. Washegari ya riƙe hannuna mu tafi Treichville zaɓen atamfa.

Ina son wannan tafiya fiye da Sallar kanta. Ga gada nan, amma saboda ni sai mu sauka Plateau mu shiga jirgin ruwa mu tsallaka lagun, tafkin nan da ya ratsa garin, iska tana kaɗa babbar rigar Baba, ruwan yana warin kifi da man inji. A tashar Treichville ya saya mini aloko, wato soyayyar ayaba, mai zafi a takarda, tunda ban fara cika azumi ba, ina ci yana kau da kai. A kasuwa ni ke nunawa shi ke biya. Kaka ba ta taɓa bin mu ba. Ta ce ruwan da ba ya ƙafewa ko da rani ba ta yarda da shi ba.

Atamfar kuwa ba ta taɓa kai ta wurin tela. Ta shafa, ta shinshina, ta sa albarka ta bakina, sannan ta jawo kwalayen da ke ƙarƙashin gado ta ajiye, ta barbaɗa kafur. Kowane turmi da mai shi. Wannan na ƙanwarta, wannan na matar limaminsu, wannan na wadda ta yi mata wankan jego. Ba a shiga gida hannu rabbana, in ji ta. Ita kuma ta yi Sallah da tsohon zanenta baƙi mai warin hayaƙi, Mama tana ta jin haushi, wai za a ce ba ma kula da ita.

Wata shekara aka yi damina irin ta Abijan, wadda sama ke kwana tana wuni a buɗe. Kwata ta cika, ruwa ya shigo ɗakuna har idon sawu. Mun ɗaga kwalayen mun shanya, mun ɗauka an tsira. Dab da azumi Kaka ta buɗe, ta tarar fumfuna ta cinye na ƙasa, har da shuɗin da ta ware wa ƙanwarta. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba sai ranar. Ba ta yi ƙara ba, ta dai zauna da zanen a cinya tana kankare baƙin da farce.

Wannan ne ya sa da muka je Treichville a shekarar, Baba ya wuce layin atamfa ya tsaya wurin masu akwatuna. Ya zaɓi babba mai taya, wanda ruwa ba ya shiga, ni na zaɓi launi, ruwan goro. Mai shagon ya tambaya da Faransanci ko tafiya za a yi, Baba ya ce a'a, ajiya ce. Da kunnena na ji. Duk hanya yana murna da dabararsa, yana cewa yanzu kam kayan Inna sun huta da laima. Ko sau ɗaya bai tsaya ya tuna abin da akwati yake nufi ga macen da ta yi shekara da shekaru tana roƙon abu guda ba.

Ranar Sallah da aka sauko daga idi, na jawo akwatin har gabanta, tayoyin suna ƙara a kan siminti. Kaka ta dube shi, ta dube ni. Sai ta yi dariya, irin wadda ban san tana da ita ba, ta ce, "Tsohuwa dai in an ba ta akwati, ko lefe ko tafiya. Aure kuwa na gama." Daga nan ta ɗaga kai ta kalli Baba cikin ido. Ba ta ce Takwara ba.

"Allah ya yi maka albarka. Yaushe ne?"

Mama ta sunkuyar da kai. Na ga bakin Baba ya buɗe zai faɗi gaskiya, amma uwarsa ce ta yi masa magana baki da baki, abin da wataƙila tun yana yaro bai samu ba. Ya kasa. Ya ce, "Bayan Sallah, Inna."

Kai, jama'a, da kun ga Kaka a watannin nan. Ta shirya atamfofinta a akwatin, ta jingine shi a bakin ƙofa. Ta bi ɗaki ɗaki tana sallama da neman yafiya da ɗan yaren Julan da ta iya, wanda bai fi cikin cokali ba. Ta ba matar Mosi murhunta, ta ba Baulen nan kujerarta 'yar tsugunno, turmin dakanta ta ce na kowa ne. Acheke da ta yi shekaru tana kira tsakin rogo mai tsami, ta sa na sayo mata da soyayyen kifi, ta ci ta lashe hannu, wai don ta sami labarin ba wa ƙanwarta. Ni na san abin da Baba ya gaya wa mai shago, amma na ce a raina ai ya yi alkawari gaban mutane, dole ya cika.

Watan Sallah ya fita. Babbar Sallah ta zo, aka yanka rago, aka soya, aka cinye. Akwati yana bakin ƙofa, kullum sai an tsallake shi a shiga ɗaki. Wata safiya Baba ya zo gaisuwa, Kaka tana kallon bango ta ce, "Takwara, tambayi ubanki, wace Sallar?" Ya ce kasuwa ce ta riƙe shi. Ta ce, "To."

Na bi shi har bakin titi inda yake jiran mota. Bakina dama ba ya shiru tun ina ƙarama. Na ce, "Baba, ƙarya ba kyau, kai kake gaya mana." Na shirya shan mari. Bai ɗaga hannu ba. Ya tsaya yana kallon motoci, can ya ce, "Uwata, in na kai ta ba za ta dawo ba. Ni kuma fa?" Haushi ya turnuƙe ni. Ƙato da gemu da 'ya'ya yana cewa ni kuma fa! Na juya ban yi masa a dawo lafiya ba, kuma na daɗe ina riƙe da wannan magana a zuciyata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kayanta suka dawo. Maƙwabta suka riƙa mayarwa a ɓoye. Wata rana muka ga murhun a ƙofar ɗaki, wata rana kujerar. Kaka ta zauna a kanta kamar ba ta taɓa bayarwa ba. Ta daina fita tsakar gida sai alwala, don ba ta son haɗa ido da mutanen da ta riga ta yi wa sallama. Da azumi ya zagayo, Baba ya tsuguna ya yi tambayarsa, ni ina jiran amsar da na haddace.

"Takwara, gaya wa ubanki duk abin da ya kawo an gode."

Ba ta ga Babbar Sallah ta shekarar ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Aka yi mata wanka da ruwan magarya da kafur, cikin nata na ajiya aka ɗiba. Aka kai ta maƙabartar Williamsville, nan Abijan. Matan gidan suka cika ɗakinmu suna yako, yako, wato sannu. Atamfofin Baba ya ɗaure a buhu ya ba wani direba ya kai wa ƙanwarta. Akwatin ya riƙe, ya sa a ɗakinsa.

Yanzu ni ke bin mutane ina tambayar abin da suke so na Sallah. 'Ya'yana sukan turo mini hoton abin a waya, in na yi musu Hausa su amsa da Faransanci. Baba ya tsufa, ya bar wa ƙanena shago, idonsa ya yi rauni. Shi ne ban tambaya ba bana, don na ɗauka na sani. Tun ranar da aka fita da Kaka na yi rantsuwa ba zan yi wa kowa abin da ya yi mata ba. Na yanko masa tikitin jirgin sama zuwa Kano, na shirya wanda zai tarbe shi ya kai shi ƙauye. Na kasa jiran Sallah, na kai masa makon jiya, ina jin kaina kamar na biya wa dangi gaba ɗaya bukata.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Uwata, kin tambaye ni?"

Na ce, "Baba, gida fa."

Ya ce, "Wa zai je mata ran Juma'a?" Tun da aka binne ta, duk Juma'a in an sauko sai ya hau mota ya je Williamsville, yanzu da sanda, jika yana riƙe da shi. Na sani sarai, amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ya ce, "Ni na tsare ta a nan. Yanzu kuma in tafi gida in bar ta ita kaɗai a bariki? Mayar musu da takardarsu."

Na yi magiya, na yi faɗa, har na ce masa taurin kai gado ne a gidan nan. Da na gaji na yi abin da ya kamata in fara da shi, na tsuguna na ce to me yake so. Ya nuna akwatin da haɓa. Yana kusurwar ɗakin, launin ya koɗe, taya ɗaya ta karye. Na san abin da ke ciki, farin yadi ne na likkafaninsa da ya zo da shi daga Makka. Ya ce in sayo masa kafur, na ciki ya gama tashi.

Ga shi nan a jakata, na ƙulle shi cikin leda biyu amma duk ɗakin ya ɗauka. Ƙaramar 'yata ta shigo ɗazu ta toshe hanci ta fita. Ban tambayi Baba ko na ajiyar yadin yake nufi ko na wanka ba. Na dai ce wa mai sayarwar ta ƙaro mini, ta cika ƙullin.