Bangon Malam Ilu

Malam Ilu magini ne a Birchi, kuma kuskurensa ɗaya a rayuwa shi ne ya koyi abu mai kyau. Daga wani kwas a Dutsin-Ma ya dawo da injin hannu na matse bulon ƙasa. A rairaye jar ƙasa, a barbaɗa siminti kaɗan, a yayyafa ruwa, a danne. Bulo ya fito ja, mai ƙwari, ɗakinsa da sanyi ko a bazara.

Mutane sun saya, don ya fi na siminti araha. Amma kowa ya gina sai ya yi maza ya rufe da filasta, kada surukai su ce har yanzu a gidan ƙasa yake. Daga Kurfi har Kuki Ilu ya yi gini, babu wanda zai nuna a yarda nasa ne.

Sai bangon zaurensa, da ya bari tsirara a bakin hanya yana shan ruwan damina shekara da shekaru. In mai shakka ya zo, Ilu ya miƙa masa ƙusa: "Alhaji, karce. In ya zuba, ka tafi da injin." Bangon nan ne ke kawo masa aiki.

Da yanar ido ta kama shi, ɗansa Mutawakkil, ma'aikacin ofis, ya kai shi asibiti a Katsina. Yaron kirki ne. Ya daɗe yana jin zafin gorin gidan ƙasa, ya ɗauka uban ma haka. Kafin a sallamo tsohon, ya sa aka yi wa bangon filasta, aka shafa shuɗin fenti.

Aikin ido ya yi kyau, don haka Ilu ya ga komai sarai.

"Baba, ya ka gani?"

Ilu ya shafa bangon da tafin hannu. "Sumul. Allah ya yi maka albarka."

Maƙwabta suka yi ta zuwa barka biyu, ta ido da ta rabuwa da gidan ƙasa. Matarsa Ma'u ta ce, "Malam, ka kankare abinka mana."

"In kankare kyautar ɗana, gari na kallo?"

Bayan girbi wani malamin makaranta ya zo, yana son ganin bulon da ya jure ruwa kafin ya yanke shawara. Ilu ya nuna masa shuɗin bango, ya ce bulon yana ciki. Malamin ya ce zai dawo. Har yau bai dawo ba.

Injin yana nan a tsakar gida. Yana da nauyi, akuya ba ta iya jansa, shi ya sa a jikinsa Ma'u take ɗaure ta.