Dogo Ba Ya Rufe wa Manya Magana

Ƙanena Salahuddin, wanda duk unguwarmu a Omdurman ke kira Dogo, tun yana yaro bai iya cewa a'a ba. Shi da abokansa Hamuda da Sulafa suka ƙirƙiri wata manhajar waya mai nuna inda motocin bas na haya, wato hafila, ke tsayawa, daga Suƙ Libya har Alshajara. Kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. Babu wanda ya taɓa gyarawa, amma ƙorafi kowa ya iya.

Abin haushin, duk wanda manhajar ta ɓatar, gidan Dogo yake nufa. Baƙo kuwa ba a tambayarsa me ya kawo shi sai ya sha shayi, in lokacin fatur ne, wato karin kumallo, ya sa hannu a kwanon waken ful. Kafin a gama gaisuwa baƙon ya manta abin da ya lalace. Matarsa Mawahib ta rame a bakin murhu, har ranar da ta ɗaure kayanta.

"Halas, ya Salah. Ko ku samo inda za a riƙa zuba ƙorafin nan, ko ka same ni gidanmu a Hillat Kuku."

Nan aka shiga zaɓe. Hamuda na son tsarin da za su girka a kwamfutarsa, Sulafa ta tuna masa wuta ba ta wuni a unguwarsu. Ita tana son wani shafin intanet inda kowace matsala ke samun lambarta, a bi ta, in an gyara a danna "rufe". Dogo ya goyi bayan Hamuda da safe, ya goyi bayan Sulafa da la'asar. Da na gaji, na ja shi na nuna masa akwatin Mawahib a bakin ƙofa. Take ya zaɓi na Sulafa.

Baƙi suka ɗauke ƙafa, Mawahib ta kwance kaya. Sai ga ƙorafin farko daga Baffa Jatau, aminin mahaifinmu. Gaisuwa ta cika shafi, ya tambayi kowa har awaki, can ƙasa ya ce manhajar ta jefa tasharsu cikin kogin Nilu. Dogo ya gyara nan da nan, sannan ya zura wa maɓallin "rufe" ido.

"Danna mana," in ji Sulafa.

"In rufe wa Baffa magana ta waya? Wallahi ba haka aka tarbiyyantar da ni ba."

Ya hau raksha mai ƙafa uku ya je ya shaida masa baki da baki. Baffa ya rantse sai Dogo ya ci kisra da miya. Tun daga ranar haka ake rufe kowace matsala, gida-gida, Dogo har tumbi ya ajiye.

Jiya na tarar da gidan shiru, Mawahib zaune gaban abinci ya huce, waya a hannu. Tausayinta ya kama ni, sai da na leƙa. Ƙorafi take rubutawa a shafin, cewa mijinta ya ɓace.

"Yaya," ta ce, "wannan dai dole ya zo ya rufe da kansa."