Malam Gidaɗo, Wanda Ya Ƙwato Littafin Wuƙa Daga Bakin Kasko

Kafin ya buɗe shagonsa na ɗinkin littattafai a Ƙofar Durɓi, Malam Gidaɗo yakan fara zagaye. Zai ɗaure tsoffin jaridu a bayan kekensa, ya bi masu ƙosai da masu waina ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙosan ne ya kawo shi ba, takardar da ake naɗe shi ce. Ya gaisa, ya tambayi gida da kasuwa da yara, sannan ya tsuguna ya shiga bincikar tulin takardun da ke gefen kasko. In ya ga shafin littafi ya zare, ya ajiye jarida a madadinsa. Mata sun saba da shi har sun daina dariya. Inna Asabe ta bakin titi takan ce duk garin Katsina shi kaɗai ne mai zuwa wurin ƙosai ya tafi da marufi ya bar abinci.

Wannan ne rubutuna na farko da wasu za su karanta, kuma na goge farkonsa ya fi a ƙirga. Amma Malam ya rufe shago a bana, na ga kuma babu wanda ya ce komai, shi ya sa na daure.

Abin ya samo asali ne shekaru da dama da suka wuce, lokacin da wata makarantar koyon sana'a ta share ɗakin ajiyarta, aka auna tsoffin littattafai a sikeli aka sayar wa masu neman takardar naɗi. Malam bai ji labari ba sai da aka kawo masa ƙosai cikin wani shafi mai zanen wuƙa, an nuna yadda ake fitar da bakinta da inda ƙota ke kama ta, bayanin kuma da Hausa. Ya bar karin kumallon ya bi sawu. Littafin ƙirar wuƙa ne wanda aka daina bugawa tun kafin a haifi iyayenmu, madaba'ar ma ta mutu. An yayyaga shi, ya watsu a unguwanni. Haka ya yi ta tsintar shafukan, wani a Ƙofar Ƙwaya, wani wurin mai tsire a Ƙofar Kaura, wasu sun sha mai har ana ganin hasken rana ta cikinsu. Ya shanya, ya danne, ya jera, ya ɗinke da basilla da zare, ya yi masa bango na kwali da fata. Duk ya samu sai shafi guda, wanda ke bayanin launin da ƙarfe zai kai a wuta kafin a tsoma shi cikin mai. A gurbinsa ya ɗinka farar takarda, ya ce wurin mai shi ne, zai dawo. Daga baya ya tara wasu littattafan ƙira na Turanci, su ma waɗanda ba a samun su yanzu, amma wancan ne babba.

Kai ne ba ka kulle shi ba, Malam. Kai ne ka ajiye shi a kantar da ke kusa da ƙofa, inda hannun kowa zai kai.

Mu nan ƙira gado ce. Wanda ba ɗan gidan maƙera ba ne, ba kasafai ake sakar masa sirrin wuta ba. Usman ɗan acaba ne da ya zo daga ƙauye, babur ya karya masa ƙafa, ya rasa abin yi. Ya je maƙera neman koyo, aka bar shi da jan zuga-zugi, da an zo wurin aikin gaske sai a aike shi sayen gawayi. Maƙwabtan shagon sun shaida ranar da ya shigo yana ɗingishi, ya tambaya ko gaskiya ne akwai littafin da ke koya wuƙa. Malam ya miƙa masa, ya ce ya tafi da shi bakin wuta. Usman ya ce zai ɓaci da gawayi. Malam ya ce daga cikin man ƙosai ya fito, gawayi ba zai ba shi tsoro ba.

Wasu dattawan maƙera sun zo har shago suna ƙorafi, wai yana raba abin da ba nasa ba. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya ba su ruwa, ya saurare su har suka gama, sannan ya ce su ma in suna so ga shi nan, aro kyauta ne. Ba a rufe shekara ba Sule Maƙeri, wanda ya fi kowa faɗa a ranar, ya dawo shi kaɗai, wai jikansa ne ke son ganin zanen. Yau mahauta da yawa wuƙar Usman suke riƙewa, wadda yake ƙerawa da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Malam gani. Zura zare a basilla ya gagare shi, likita ya ce sai an yi aiki. A lokacin ne babban ɗansa Abbas, wanda ba wanda zai zarge shi da rashin son mahaifinsa, ya duba intanet ya ga irin kuɗin da masu tara tsoffin littattafai ke biya. Ya kawo wani dillali, Alhaji Badamasi, mai kai irin waɗannan kaya Abuja. Alhaji ya juya littafin da yatsa biyu, ya yi tsaki a kan tabon gawayi, duk da haka ya yi tayin da zai biya aikin idon har a samu ragowa. Sharaɗinsa ɗaya ne: daga ranar ba aro, ba fotokwafi, ba hoto, domin darajar abin tana cikin rashin samunsa. Za a sa shi cikin gilashi a falon wani babban mutum.

Malam ya ce a ba shi zuwa Juma'a. Abbas ya ɗauka an gama.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya iso ya tarar da ƙofar shagon cike da mutane: maƙera, mahauta, wanzamai, ɗaliban kwaleji, har da mu mata a gefe. Malam na zaune a tabarma da littafin a cinyarsa. Ya ce wa Usman ya ara masa wuƙa. Da lalube ya nemo zaren da ya ɗinka da hannunsa, ya yanke shi, ya zare shafukan ya jera su a tabarma ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk mai waya ya ɗauka, ya tura wa wanda ya ga dama.

Alhaji Badamasi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ka san abin da ka yi kuwa? Ka kashe kuɗinsa. Yanzu ko kyauta ba mai karɓa."

"Alhaji, mi zai yi cikin gilashi?" in ji Malam. "Wuƙa nike so ta yi yawa a gari. Ido kuma, abin da nike son gani na gani."

Abbas ya juya ya shige gida. Ya daɗe ba ya zama hira da mahaifinsa, kuma ni ba zan ce bai da hujja ba, domin har yau yanar tana nan, ana ta haɗa kuɗin aikin a hankali. Wanda ya ce abin da Malam ya yi bai ci masa komai ba, bai ga yadda yake laluben takalminsa a ƙofar masallaci ba.

Hotunan kuwa suka yi ta tafiya daga waya zuwa waya, har inda ba mu sani ba. Bayan sallar layya wani tsohon malamin makaranta daga Funtuwa ya turo saƙo. Shi ma yana da irin littafin a akwati, gara ta cinye rabi, amma da ya ga hoton farar takardar nan sai ya duba nasa. Shafin yana nan. A wayar Abbas saƙon ya sauka. Shi ya je ya buga shi a takarda, ya zo ya zauna kusa da mahaifinsa a zaure, ya karanta masa tun daga farko, yadda ƙarfe ke tashi daga ja mai duhu ya yi haske, da lokacin da ake janye shi. Malam ya sa ya maimaita. Sannan ya nemi basilla, ya ce wa ɗansa, "Zura mini zaren, ni zan ɗinka."

Maƙerin takarda, mun gode. Kai ne ka nuna mana cewa tabon gawayi a jikin littafi ba lalacewa ba ce, shaida ce an yi aiki da shi. Allah Ya buɗe maka idanunka, Ya sa ka ga shafin nan da kanka.

Ku kuma masu akwatunan da ba a buɗewa, masu littattafan kakanni a ƙarƙashin gado kuna jira su yi tsada: gara ba ta jira. Ku fito da su. Wataƙila shafin da wani ya shekara yana nema a bakin kasko yana ɗakinku.