Dogon da Ke Ba Kwando Baya

Shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa Ikko, ina aiki a wani garejin walda a Ebute Metta, ina kwana a gidan kawuna a Agege. Ko'ina ka duba ana haƙa rami ko ana ɗora gada, tafiyar da a da ake yi cikin rabin awa ta koma awa biyu. Kullum a gajiye nake komawa gida, ƙarar guduma tana amsawa a kunnena. Ranar Asabar ce kaɗai nake tashi daga aiki da wuri, ita ma ba hutawa nake yi ba, saboda kawu da maƙwabcinmu sun mai da ita ranar kallon ƙwallon kwando, ni kuma dole in bi su.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, mahauci, ya zo Ikko tun kafin a ba da mulkin kai. Mutum ne mai jiki, mai magana a hankali, in ya faɗi abu ba ya janyewa. Maƙwabcin namu direban danfo ne, wato ƙaramar bas ta haya, haifaffen Agege, Hausarsa a cakuɗe da Yarbanci da Turancin kan titi. Shi yake kwasar mu a motarsa zuwa wani fili na siminti a bayan wata makaranta a Mushin, inda ƙungiyar wata masaƙa take wasa bayan la'asar.

Abin da ya kai mahauci kallon ƙwallon kwando kuwa, wani dogon mutum ne. Ya zo daga can arewa, wajen kan iyaka, ya biyo motar shanu, kawu ya sama masa aikin ɗaukar fatu a mayanka. Ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Duk ƙofar da zai shiga sai ya sunkuya, takalmi kuwa sai dai a yanka masa na taya. Wata rana mai horar da 'yan wasan masaƙar ya gan shi yana loda fatu a kan babbar mota ba tare da ya taka komai ba, ya bi shi har gida. Aka ba shi aikin gadin ƙofa a masaƙar, da sharaɗin zai riƙa buga musu wasa. Cikin shekara guda ya zama shi ne ƙungiyar. Mutanen unguwarmu da ba su san ko mutum nawa ke buga wasan ba suka fara cika filin, don kawai su ga nasu.

Wasansa iri ɗaya ne kullum. Zai taka a hankali ya je gindin kwando, ya juya masa baya, ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga hannu ɗaya yana neman ƙwallo. In aka ba shi, sai ya buga ta ƙasa sau biyu ko uku yana turawa da ƙugu, mai tsaronsa yana ja da baya kamar wanda amalanke ta fi ƙarfinsa a gangare. Daga nan sai ya juya ya ɗora ta a kwando kamar mai ajiye ƙwarya a kan maratayi. Ba ya ihu, ba ya murna. Sai ya juya ya koma ɗaya gefen da ɗan gudunsa mai nauyi.

Wannan ba da bayan shi ne abin gardamar.

Direba ya ce ba wasa ba ne. "Yaya, ka duba fa," haka yake ce wa kawu, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya yana yawo a iska. "Mutum biyar ne a fili, abi? Huɗu sun tsaya sun riƙe ƙugu suna kallon mutum ɗaya yana goga baya. Kamar babbar bas ɗin nan molue ce ta mutu a kan gada, kowa na bayanta sai ya jira. Yaran nan suna da gudu, suna da hannu, ya kashe musu wasa."

Kawu ya ce, "Ƙwallon nan ina ake son ta shiga?"

"Kwando mana."

"To wa ya fi kusa da kwando?"

"Ba maganar kusa ba ce, Yaya."

"Maganar ke nan. Mai bijimi ba ya huɗa da akuya. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba!" in ji direba, ya danna hon ba dalili.

Daga nan sai su juyo kaina. Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, kai ka yi makaranta, faɗa masa." Direba ya ce, "Ƙanena, ka faɗi tsakaninka da Allah." In na ce dogon yana ci, direba ya ce na bi jini. In na ce sauran ma ya kamata su taɓa ƙwallo, kawu ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwata da ka. Na koyi cewa "kowa da gaskiyarsa", su kuma suka koyi yin kamar ba su ji ba.

Ba a mota kaɗai ake yi ba. Ana yi a teburin mai shayi da safe, ana yi a bakin masallaci bayan an sallame, ana yi a gaban teburin naman kawu har mai saye ya gaji ya koma na gaba. Idan ƙungiyar ta ci, kawu ya ce dogon ne ya ci. Direba ya ce da an bar yara sun yi gudu da cin ya fi haka. Idan aka cinye su, direba ya ce ga abin da yake faɗa. Kawu ya ce ai ba a ba dogon ƙwallo yadda ya kamata ba. Babu sakamakon da bai zama hujja ga su biyun ba. Shi kuwa wanda ake yi a kansa, in ya zo gaida kawu ranar Juma'a, sai ya zauna a ƙasa ya naɗe dogayen ƙafafunsa, ya ci tuwo, ya yi godiya ya tafi. Ba su taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa sa baki ba.

A shekara ta uku masaƙar ta kawo sabon mai horarwa, saurayi, wanda aka ce ya yi kwas a ƙasar waje. Ra'ayinsa irin na direba ne. Ya ce zamanin tsayawa a gindin kwando ya wuce, kowa zai yi gudu, dogon ma ya fito waje ya fuskanci kwando, ya riƙa jefawa daga nesa yana raba wa 'yan'uwansa ƙwallo.

Ban manta Asabar ɗin farko ba. Dogon ya karɓi ƙwallo daga nesa, ya tsaya yana ƙifta ido, ya jefa, ko ƙarfen kwandon ba ta taɓa ba. Ya sake, ta wuce ta bayan allon kwandon ta faɗa cikin masu sayar da lemo. Sau biyu yana miƙa wa ɗan ɗaya ƙungiyar ƙwallo a hannu. 'Yan kallo suka fashe da dariya, har da mutanenmu. Wani ya ɗaga murya da Yarbanci ya ce a mai da raƙumi daji. Na duba kawu, na ga ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

A mota direba ya ce, "Ka gani, Yaya? In ka raba shi da gindin kwando ba shi da komai. Tsawo ne kawai."

Kawu ya ce, "In ka ba ni almakashi ka ce in feɗe bijimi, ni ma ba ni da komai."

Bayan makonni kaɗan aka zaunar da dogon a benci. Yaran suka yi ta gudunsu, wata rana su ci, wata rana a cinye su. Gardama ba ta ragu ba, sai ma ta ƙaru, don yanzu ana yin ta a kan abin da da zai faru. Ni kuwa na fara neman dalilin ƙin zuwa, ciwon kai, wanki, aikin gaggawa a gareji. Kawu bai taɓa karɓar ko ɗaya ba.

Wasansa na ƙarshe da wata ƙungiya ce ta ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda suka mamaye gindin kwando suka hana yaranmu sakat. Duk ƙwallon da ta dawo daga allo tasu ce. Da aka kusa tashi, an ba mu rata mai yawa, sai mai horarwa ya juya ya yafuto dogon. Ya tashi ya cire rigar sama, ya taka zuwa inda ya saba, ya juya baya, ya ɗaga hannu. Aka ba shi, ya tura, ya juya, ta shiga. Aka sake, ta sake shiga. Filin ya ɗauki sowa, kawu ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Direba ma ihu yake yi, ya manta da kansa. Ratar ta ragu saura kaɗan. A juyi na biyar ko na shida ƙafarsa ta maƙale a wata tsaga ta simintin, jiki ya juya, gwiwa ba ta bi ba. Daga inda muke muka ji ƙarar. Mutum huɗu ne suka ɗauke shi. Aka tashi an cinye mu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

A hanyar komawa muka faɗa cunkoso. Rana ba ta faɗi ba tukuna, motar ta yi zafi kamar tanda, hayaƙi yana shigowa ta taga. Na ɗauka yau kam za a yi shiru. Sai direba ya ce da tun farko an koya masa motsi da gwiwar ba ta tafi ba. Kawu ya ce da ba a bar shi ya yi sanyi a benci ba da babu abin da zai same shi. Na buɗe ƙofa na sauka a tsakiyar titi, na taka da ƙafa har Agege. Na riga su isa.

Gwiwar ba ta koma daidai ba. Masaƙar ta riƙe shi 'yan watanni, daga baya muka ji ya bar aikin, ya bar unguwar. Na daina zuwa kallo, wannan karon kawu bai matsa ba. Amma su biyun suka ci gaba, a kan mutumin da ba ya nan da wasan da ya riga ya wuce.

Sai bayan shekara biyu na sake ganinsa. Babbar Sallah ta matso, kawu ya aike ni kasuwar dabbobi ta Alaba Rago in duba masa rago. Tun daga nesa na hango kansa ya zarce na kowa. Na ɗaga hannu ina yi masa magana, yana kallon wajena bai amsa ba. Sai da na zo dab da shi, har ina jin warin ragunan a rigarsa, sannan fuskarsa ta saki.

"Ɗan gidan Baba! Kai ne?" Baba yake ce wa kawu.

Na ce, "Tun daga can nake ɗaga maka hannu."

Ya yi 'yar dariya. "Ai ba na gani daga can."

Ya ja mini benci muka zauna kusa da ragunan da yake sayarwa, ya miƙe ƙafar da ta lalace. Ya ce tun yana yaro abin da ya wuce taku goma hazo-hazo yake ganinsa. Daga tsakiyar fili kwando ba ya fita, 'yan wasa kuwa launin riga kawai yake bi, in launin ya yi kusa da juna shi ke nan.

"Shi ya sa nake zuwa gindinsa," in ji shi. "In na jingina da mutum na san inda yake, na san inda zai karkata. Kwando kuma na san yana bayana, taku ɗaya da rabi."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Mai gadin ƙofa ne ni. In aka ji mai gadi ba ya gani, me ya rage?" Ya kori wani rago da ke cin gefen tabarmarsa. "Kuma ni wasan nan bai taɓa shiga raina ba. Duka ne kawai a baya da haƙarƙari. Na ga Baba yana jin daɗi, shi ya sa."

Na koma gida da rago da labari, ina ganin yau dai magana ta ƙare. Na same su a ƙofar gida na faɗa musu duka. Kawu ya ce, "Ka ji ko? Da rabin ido ya yi abin da ya yi." Direba ya ce, "Haba Yaya, ai maganata ce ta fito. Na ce ba ya ganin 'yan'uwansa, ashe ba ya ganinsu ɗin ne." Na ɗaure ragon na shiga ɗaki na kwanta.

Bayan Sallah da kwana uku kawu ya tashe ni ya ce in shirya. Direba ya ajiye aikin safe, muka je Alaba Rago muka ɗauko dogon, ya zauna a baya ya miƙe ƙafa a tsakanin kujeru. Wani shagon tabarau suka kai shi a Mushin. Mai shagon ya sa shi ya zauna, ya yi ta canza masa gilasai yana nuna masa alamu a bango, kawu da direba suna tsaye a kansa suna musu a kan ko baƙin firam ya fi ko ruwan ƙasa. Da aka dace da nasa, ya tashi ya sunkuya ya fita bakin ƙofa. Ya tsaya yana kallon titi, motoci, masu talla, rufin kwano har iyakar gani, da sabuwar gadar da ake ɗorawa can nesa da mutane a kanta kamar tururuwa.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Ashe haka mutane suke da yawa a garin nan."

Ya cire tabaran ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ce a taimaka a mai da shi kasuwa, ya bar ragunan da suka rage ba a ba su ruwa ba.