Kanwar Inna Zuwaira

Kowace safiya Inna Zuwaira takan fasa kanwa a kan dutsen niƙa, ta ɗora ɗan ɓarɓashi a harshe, ta lumshe ido. In ta ji kaifi, sai ta gyaɗa kai. Shekara arba'in tana ungozoma a garin Babban Mutum, rabin manoman garin ita ta yanke musu cibi. Iliminta gadon kakarta ne: sanyi shi ne maƙiyin mai jego. Ana korarsa da tafasasshen ruwa safe da yamma, da gadon ƙasa mai garwashi a ƙarƙashi, da kunun kanwa har kwana arba'in.

'Yarta Hadijatu ta rasu kwana ashirin bayan haihuwa, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Ta bar jaririya, Murjanatu, wadda ta girma a bayan Inna.

Bana Murjanatu ta haihu. A kwana na goma sha biyu zobe ya ƙi fita daga yatsanta, ba ta iya barci sai a jingine.

Inna ta shigo da kwanon kunu, ta tarar da Malama Mardiyya, ma'aikaciyar asibiti, tana danna ƙafar Murjanatu. Yatsa ya bar rami, ramin bai cike ba.

"Inna, mene ne a kwanon nan?"

"Abin da uwarki ta sha ta samu nonon ba ki. Ni na tarbe ki ranar da aka haife ki, kina ihu kamar 'yar akuya."

"Na sani, Inna. Amma zuciyarta ta gaji. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zafin nan yana ƙara wa zuciyar aiki. In ta ci gaba da sha, ruwan zai kai huhu. Yau ya kamata a kai ta Daura."

"Mata nawa suka sha suka tashi?"

"Da yawa, Inna. Ba duka ba."

Inna ta ƙura wa ramin ido. Ta san shi. Ta taɓa ganinsa a ƙafar Hadijatu, a wannan ɗakin, ta ce sanyi ne, ta tashi ta ƙara kanwa, ta ƙara garwashi.

Murjanatu ta miƙo hannu da ƙyar. "Kawo, tsohuwa, kada ya huce ki ce na raina ki."

Inna ta janye kwanon zuwa ƙirjinta.

"Mardiyya, aika a nemo mota."

Ta ɗaga labule ta fita, kunun yana zuba yana ƙona mata yatsu.