Hoton Kakanmu

Kakanmu ya rasu ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba. Da yayana ya samu tafiya Turai koyon zane bayan samun 'yancin kai, kakarmu ta sa rai zai dawo ya zana mata fuskar mijinta, don shi ya yi masa kyakkyawan sani. Idanunta sun soma rauni, tana so ta gan shi kafin su rufe.

Ya dawo Birnin Gwari da gemu da lofe, yana yi mana bayanin cewa a can an daina zana fuska, aikin masu kyamara ne wannan. Shi abin da ke cikin mutum yake fitarwa. Ni dai ban ga abin da ya fitar daga cikin kansa ba sai girman kai.

Kaka ta matsa, ya yarda. Ya shiga daji wajen Kuyello neman icen da ya dace, kamar wanda aka aika neman magani. Ya sassaƙe allon katako, ya shafa masa baƙar tawada, ya ɗora takarda yana gurzawa da bayan cokali. Da ya ɗaga, muka ga layuka a karkace da wani dunƙule kamar kashin shanu. Abu ɗaya na gane, billen kakanmu, tsagar nan guda da ta ratsa kumatunsa. Ita ma ta fito a dama, alhali a hagu take, don takarda juya abin da aka sassaƙa take yi. Na faɗa masa. Ya ce ya sani, ba shi ne muhimmi ba, sai wanda ya ga duniya zai fahimta. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ma bai huce ba.

Kaka ta karɓa hannu biyu, ta sa masa albarka. Ya buga wasu da yawa ya kai Kaduna, inda na ji Turawa sun yaba.

Bayan ya tafi na same ta a tsakar gida ta kusanto da takardar dab da idonta, tana shafa kumatunta na dama, tana shafa na hagu.

Ta ce, "'Yar nan, ashe a dama billensa yake? Ni duk shekarun nan a hagu nake ganinsa."

Na rantse mata a hagu yake. Ta ce ai yaron ya yi karatu, ita ce dai ta tsufa.